Goyon Inna da Haƙurin Yaya

An haife ni a daminar 1966, watanni kaɗan bayan kisan Sardauna, a wani ƙauye da ke ƙasar Ringim, wanda a wancan lokaci yake cikin lardin Kano, a yau kuma yake cikin jihar Jigawa. Mahaifina manomin gyaɗa ne kamar yawancin magidantan yankinmu, domin layin dogon da ya tashi daga Kano ya bi ta Ringim da Malam Madori har zuwa Nguru shi ne ya mayar da gyaɗa kuɗi a wurinmu, ta yadda da kaka ta yi za a ga jakuna da raƙuma suna ta kai buhuna bakin tasha. Mata biyu gare shi. Uwargidan, wadda dukanmu muke kira Inna, ta yi shekaru tana haihuwa 'ya'yan suna komawa, har dangi suka matsa wa mahaifina ya ƙara aure, kuma a kan wannan dalili aka auro mahaifiyata. Cikin ikon Allah, amarya ba ta daɗe da tarewa ba Inna ta haifi ɗa namiji da ya zauna, wato yayana, bayan shekara guda da 'yan watanni kuma aka haife ni.

Mahaifiyata ba ta cika arba'in ba. An ce tana cikin wankan jego jikinta ya fara kumbura, numfashi ya riƙa gagararta idan ta kwanta, aka yi ta jiƙe-jiƙe da turare har rai ya yi halinsa. Sai da na girma na ji cewa likitoci a Zariya sun daɗe da gano alaƙar da ke tsakanin yawan wanka da tafasasshen ruwa, da kwana a kan gado mai wuta, da shan kunun kanwa fiye da kima, da ciwon zuciyar da ke kama masu jego a ƙasar Hausa. A ƙauyenmu na wancan zamani babu wanda ya san haka, kuma asibiti mafi kusa tafiyar yini ce a kan jaki.

Ƙanwar mahaifina, Goggo, ita ce ta ba ni labarin abin da ya biyo baya, kuma ba ta ɓoye mini cewa Inna da mahaifiyata ba su yi zaman aminci ba. Ba su taɓa dambe ba, amma akwai habaici a bakin murhu, akwai kwanakin da gaisuwa kawai ke haɗa su, kuma babu mamaki a cikin haka idan aka tuna cewa an kawo ɗaya ne saboda abin da ake gani ɗayar ta kasa. Mahaifiyata ba ta bar wasiyya ba, ba ta damƙa ni amana a hannun kowa ba. Bayan an dawo daga maƙabarta dattawa suka zauna a zaure suna shawarar a kai ni wurin kakata ta wajen uwa, a riƙa ɗura mini nonon akuya ko na saniya, kuma kowa a wurin ya san cewa jariran da ake yi wa haka kaɗan ne ke kai wa yaye. Suna cikin wannan magana Inna ta shiga ɗakin marigayiya, ta ɗauke ni daga kan tabarma, ta sa mini nono a baki, ta aika wa mahaifina cewa maganar ta ƙare.

Nonon mace ɗaya da ke cin tuwon dawa da miyar kuka ba zai ƙosar da yara biyu ba. Saboda haka ta yaye ɗanta tun lokacinsa bai yi ba, ɗan da ta samu bayan ta binne waɗanda suka riga shi, ta koma ba shi kunu da koko. Goggo ta ce ya yi ta laulayi a wannan shekara, ya rame har ana tsoron shi ma zai bi 'yan'uwansa, kuma mata suka riƙa zuwa suna ce wa Inna ta ji tsoron Allah kada ta kashe nata saboda ɗan kishiya. Ba ta mayar musu da magana ba, ba ta kuma sauke ni ba. Tun ina cikin tsumma ke nan Yaya ya fara biyan kuɗin rayuwata, tun bai san ana biya ba.

A al'adarmu yaron da uwarsa ta rasu yana jariri akan yi masa laƙabi da Talle. Inna ta hana a kira ni haka, kuma duk wanda bakinsa ya suɓuce sai ta gyara masa a take, ko da ya girme ta. Da dare idan muka taru a ɗakinta tana yi mana tatsuniya, ba ta taɓa kawo ta 'yar bora da 'yar mowa ba, ko wata tatsuniya da kishiyar uwa ke aiken marainiya rafi mai nisa, sai a gidajen maƙwabta na ji su. Na kai kimanin shekara takwas ban san ba ita ta haife ni ba, har wata rana wani yaro ya yi mini gori a bakin rijiya. Na dawo gida ina kuka na tambaye ta, ta zaunar da ni ta gaya mini gaskiya ba tare da kwana-kwana ba, ta koya mini addu'ar da zan riƙa yi wa mahaifiyata bayan kowace salla, sannan ta ce: "Ita ta haife ka, ni na shayar da kai. Uwa biyu Allah ya ba ka, kada ka bari wani ya ce maka ba ka da ko ɗaya."

Arzikin gidanmu ya fara karyewa ne da farin 1973, shekarar da aka daina fam da sule aka koma naira da kwabo. Ruwa ya ɗauke tun hatsi bai fitar da kai ba, mutane daga arewa suka riƙa kwararowa da iyalansu suna neman abin da za su sa a baki, mahaifina kuma ya sayar da shanun nomansa a kan kuɗin da bai kai rabin darajarsu ba. Ana cewa za a farfaɗo sai ga annobar gyaɗa ta 1975, cutar da ƙananan ƙwari ke yaɗawa, wadda ke sa ganye ya nannaɗe, shuka ta tsugune ba ta yin 'ya'ya. Daga wannan shekara dalar gyaɗa da ake alfahari da ita a Kano ta kama hanyar zama tarihi, manoma irin mahaifina kuma suka koma cin rani. Yakan tafi Kano bayan an gama girbi ya yi dako a kasuwa, ya dawo gab da shuka da 'yan kuɗi da tari a ƙirjinsa.

A waɗannan shekaru hannun Inna ne ya riƙe gidan. Takan sayi gyaɗa tiya biyu ko uku, ta soya, ta murza, ta fece, a kai niƙa, sannan ta zuba a turmi tana juyawa da taɓarya tana yayyafa ruwan zafi har mai ya taso, ta kwashe shi a kwalabe, ta mulmula tunkuzar ta soya ƙuli-ƙuli. Aiki ne mai cin ƙirji da kafaɗa, ribarsa kuma ba ta wuce abin da za a sayi gishiri da daddawa da kananzir ba, sai ɗan abin da take zubawa a adashi. Ƙannenmu mata uku da aka haifa bayanmu su ne suka riƙa ɗaukar tallan da zarar sun isa ɗaukar faranti.

A watan Satumba na 1976 gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, aka gina ajujuwa biyu a bakin garinmu, mai unguwa ya bi gida gida yana rubuta yara. An ce 'yan shekara shida ake nema, amma a ƙauye irin namu duk wanda aka samu aka kwasa, saboda haka ni mai shekara goma da Yaya mai sha ɗaya muka zauna a benci ɗaya. Iyaye da yawa sun ɓoye 'ya'yansu don tsoron boko, Inna kuwa ta ce tunda karatun allo yana nan da asuba da kuma dare, ba ta ga abin da zai hana mu ƙara da wannan ba. A nan ne aka gane irin kan da Allah ya ba Yaya. Lissafin da malami zai rubuta a allo, kafin ya juyo Yaya ya gama shi a ka, kuma tun daga aji ɗaya har aji shida babu wanda ya taɓa karɓe masa na ɗaya. Ni ina cikin masu ƙoƙari, amma da taimakonsa nake tafiya, domin shi ke sake koya mini darasi da dare a gaban aci-balbal.

Mahaifinmu ya rasu a 1981 bayan doguwar jinya. Inna ta shiga takaba ta wata huɗu da kwana goma, tana matsar mai a cikin gida ba ta fita, mu kuma muna noma bayan an tashi daga makaranta. Da ta fita takaba, ƙanen mahaifina, wanda ya zama uba a gare mu, ya kawo shawarar a rage mata nauyi a mayar da ni wurin dangin mahaifiyata, tunda igiyar da ta haɗa ni da ita ta yanke. Ta ce masa igiyar aure ce ta yanke, ta nono kuwa babu mai yanke ta sai mutuwa.

A 1982 muka zauna jarrabawar fita firamare, sakamako ya fito, mu biyu kaɗai muka samu gurbi daga garinmu: Yaya a makarantar sakandare ta kwana, ni kuma a kwalejin horon malamai. A wancan lokaci gwamnati ce ke ciyar da ɗalibai, amma akwai akwati, da tufafi, da takalma, da kuɗin mota, da guzuri kowane zango, kuma abin da ya fi wannan duka nauyi shi ne gona. Gida mai mace ɗaya da 'yan mata uku ƙanana ba zai rayu ba idan babu namijin da zai riƙe fartanya, Baffa kuma yana da nasa iyalin da suka yi masa yawa. Kowa ya san dole ɗayanmu ya zauna, kuma kowa, har da ni, ya ɗauka an riga an san wanda zai tafi, domin Yaya ne babba, shi ne mai ƙoƙari, shi ne kuma ɗan cikinta.

Ta kira mu ɗakinta bayan sallar isha'i. Ba ta yi doguwar magana ba, kuma ba ta dubi fuskar Yaya ba lokacin da take cewa: "Ƙaninka zai tafi, kai za ka zauna ka riƙe mana gida." Na ce: "Inna, ai Yaya ya fi ni ƙoƙari." Ta ce ba ta tambaye ni ba. Yaya ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce: "To, Inna, Allah ya sa haka ya fi alheri." Ya tashi ya fita, kuma a daren nan bai kwana a ɗakinmu ba, sai da asuba na gan shi a sahun masallaci idanunsa sun yi ja.

Hedimastanmu ya zo da kansa har zaure, ya roƙi Baffa ya shiga ya gaya mata cewa yaro irin wannan ba a samunsa kullum, kuma idan aka bar shi zai iya zama likita ko injiniya. Ta amsa daga bayan zana, muryarta tana fitowa har waje: "A gaya wa Malam na ji, na kuma gode. Amma idan na tura nawa makaranta na ajiye maraya a gona, da wane ido zan dubi uwarsa gobe ƙiyama?" A cikin makon nan ta kwashe kwanukan jerenta da ta zo da su tun aurenta, ta haɗa da tunkiyarta guda, ta roƙi uwar adashi a ba ta kwasa kafin layinta ya zo, aka saya mini akwatin ƙarfe da fararen kaya. Yaya ne ya ɗauki akwatin a ka ya kai ni tasha.

Na shafe shekaru ina juya wannan hukunci a zuciyata, kuma ba zan ce ba shi da abin dubawa ba. A garinmu wasu sun ce kara ce irin ta matan Hausawa, wadda ke sa uwa ta nuna ba ta damu da nata ba don kada a zage ta. Wasu sun ce neman suna ne. Wani malami ma ya ce da ta yi ƙuri'a tsakaninmu da ta fi kusa da adalci, tunda shari'a ba ta yarda a tauye wani ɗa don a kyautata wa wani ba. Idan da maki ake aunawa, ni ma na san kujerar ta Yaya ce, kuma ƙasarmu ta yi asarar abin da kansa zai iya haifarwa. Amma masu cewa kara ce ko neman suna ba su ga abin da na gani ba. Mai neman suna yakan so a ambaci abin da ya yi, ita kuwa har ta koma ga Allah ba ta yarda a tayar da maganar a gabanta ba, kuma duk lokacin da wani ya yaba mata sai fuskarta ta canja kamar an taɓa mata gyambo. Ta san sarai abin da ta ɗauke daga hannun ɗanta, ta kuma ɗauki nauyin wannan sani ita kaɗai.

Shekarun da na yi a kwaleji su ne mafi tsanani da yankinmu ya gani tun bayan 1973. A 1983 ciwon bushiya ya yi ta kashe shanu, damina ta yi gardama a wannan shekara da ta bayanta, ga tsuke bakin aljihu da aka shiga tun ƙarshen mulkin Shagari. A watan Afrilu na 1984 aka yi canjin kuɗi cikin 'yan kwanaki ƙalilan, Yaya ya kwana a layin banki a Kano da 'yan kuɗin Inna da na maƙwabtanta ɗaure a ƙugunsa don kada su zama takarda. Da gona ta kasa ciyar da gida sai ya bi manya zuwa Legas, ya sauka a Agege cikin 'yan'uwa Hausawa, ya yi turin baro, ya yi gadi, ya yi sayar da ruwa. Daga can yake ba direbobin manyan motoci saƙo su kawo gida, kuma a cikin kowane saƙo akwai kason da aka ware da sunana. Bai taɓa haɗawa da wasiƙar ƙorafi ba. Abin da kawai yake roƙo shi ne idan na gama da littattafan zango in ajiye masa, kuma idan ya dawo da damina yakan karance su da dare bayan ya wuni yana noma, har ya nuna mini inda na yi kuskure a lissafi.

Ina shekarar farko a kwaleji Malam Aminu Kano ya rasu, ranar 17 ga Afrilu, 1983. Malamanmu da yawa sun yi kuka a fili, suka ba mu labarin yadda shi ma malamin makaranta ne a Bauchi da Maru kafin ya ajiye aiki a 1950 ya rungumi gwagwarmayar talakawa a jam'iyyar NEPU, da yadda ya riƙe muƙamin minista amma ya mutu a gidansa na Gwammaja bai tara abin duniya ba. Tun daga ranar na sa a raina cewa girma shi ne mutum ya bar abin da yake da iko ya riƙe saboda waɗanda ba su da mai tsaya musu, kuma har yau ban canja ra'ayi ba. Abin da ya ɗauke ni lokaci kafin in fahimta shi ne cewa na riga na ga wannan hali a tsakar gidanmu, a wurin mace da ba ta taɓa shiga aji ba da saurayi mai turin baro. Na Malam duniya ta shaida shi, aka sa wa filin jirgin sama da asibiti sunansa, kuma ya cancanta. Nasu kuwa shaidunsa ba su wuce mutum goma ba, yawancinsu ma sun mutu, kuma wannan yana cikin abin da ya sa na ga wajibi ne in rubuta.

Na kammala a 1987 na fara koyarwa a firamare, a daidai lokacin da darajar naira ke zubewa bayan tsare-tsaren tattalin arziki na 1986. Da na kawo wa Inna albashina na farko ta sa masa albarka, ta ɗauki naira biyu ta ce a yi wa mahaifiyata sadaka, sauran kuma ta mayar mini ta ce in fara tara wa yayana kuɗin aure, domin sa'o'insa duk sun yi iyali shi yana can yana ciyar da mu. Haka aka yi, kuma sai da ya tare da matarsa ta yarda a yi maganar nawa auren. Daga baya na ƙaro karatu har na samu digiri a Jami'ar Bayero, da aka ƙirƙiro jihar Jigawa a 1991 kuma na dawo gida da aiki, na riƙe makarantu, na yi aikin duba malamai har na yi ritaya.

Babban burina shi ne in kai Inna Makka. Da Allah ya hore mini kuɗin kujera guda na je na durƙusa a gabanta na gaya mata, ina tsammanin za ta yi guɗa, sai ta yi shiru, sannan ta ce: "Malam, kai kana ganin ni nake bin ka bashin da za ka biya, ni kuwa akwai mai bi na. Ka ba yayanka." Yaya ya ce ba zai taka jirgi ba uwarsa tana zaune, ita kuma ta ce umarni take ba shi, ba shawara ba. Sai da limamin garinmu ya sa baki kafin ya yarda ya tafi, bisa alkawarin cewa kujera ta gaba tata ce. Kafin in sake tara wasu kuɗin hawan jini ya kayar da ita, ɓarin jikinta ya shanye, tafiya ko zuwa bakin ƙofa ta gagara.

Ta yi jinya mai tsawo a ɗakin da ta raine mu, matar Yaya da ƙannenmu suna karɓa-karɓa wajen kula da ita, ta rasu a daminar 2010, shekarar da ambaliyar kogin Haɗeja ta cinye gonaki da gidaje a ƙasar Ringim. Kwanaki kaɗan kafin rasuwarta ta sa aka kira mu. Harshenta ya yi nauyi, amma mun ji abin da ta ce. Ta kama hannun Yaya da hannunta mai lafiya, ta kira sunansa, abin da ban taɓa jin ta yi ba saboda alkunya, ta ce ya yafe mata nonon da ta janye masa da karatun da ta hana shi. Yaya ya ce: "Inna, wallahi ban taɓa kwana da ke a raina ba. Idan ma akwai wani abu, na yafe duniya da lahira, ke ma ki yafe mana." Sahu uku ne suka yi mata salla, domin ruwa ya datse hanyoyi.

Bayan sadakar bakwai na samu Yaya a gona na yi masa tambayar da na daɗe ina jin nauyin yi, wato ko da gaske bai taɓa jin haushi ba. Ya ce ya ji, kuma a shekarun farko idan ya ga 'yan makaranta sun dawo hutu da fararen kaya sai ya canja hanya. Amma ya ce wata rana a Legas ya zauna ya yi lissafin abin da Inna ta hango. Da shi aka tura aka ajiye ni, da har abada zan riƙa cewa an bar ni ne don ba ita ta haife ni ba, da kuma duk nonon da ta ba ni da goyon da ta yi mini sun tashi a banza a idona, gidan ya rabe biyu. Shi kuwa, ko da an ajiye shi, babu ranar da zai yi shakkar cewa uwarsa tana sonsa. Ya ce ta ɗora kayan ne a kan wanda ta san zai iya ɗauka ba tare da ya karye ba, kuma da ya gane haka sai ya riƙa jin abin a matsayin yarda da ta yi da shi.

Ban taɓa jin Inna ta ce tana ƙaunata ba, ban kuma taɓa jin Yaya ya faɗa ba, domin a gidajen da muka tashi ba a furta irin wannan magana tsakanin uwa da ɗa ko wa da ƙani. Ba na ganin laifin 'ya'yanmu da suke faɗa wa juna a yau, ina ma ganin da an ɗan riƙa faɗa a zamaninmu da wasu zukata sun samu sauƙi da wuri, musamman ta Yaya a shekarun da yake canja hanya. Sai dai a duk lokacin da na karanta ayar Suratul Hashri da ke yabon mutanen Madina da cewa suna fifita wasu a kan kansu ko da su ma suna cikin buƙata, ko na ji hadisin da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya haɗa yatsunsa biyu ya ce haka zai kasance a Aljanna da mai riƙon maraya, fuskokin mutum biyun nan nake gani.

Da aka zo rabon gado na so in bar wa Yaya kasona na gona, tunda guminsa ne ya hana a sayar da ita, ya ƙi karɓa, ya ce a raba yadda Allah ya raba. An raba a baki, amma har yau babu iyaka a tsakani, gandu ɗaya muke yi, shi ke kula da noman riɗi da zoɓo da gero, ni kuma karatun yaran gidan biyu yana wuyana. Babban ɗansa ya karanta lissafi, yana koyarwa a sakandare, autarsa kuma tana makarantar koyon aikin jinya. Shi kansa ya tsufa, an yi masa aikin yanar ido, amma har yanzu shi mutanen gari ke kawo wa lissafin zakka da na gado.

Abu guda ya rage mana, wato aikin hajjin Inna. Malamai sun tabbatar mana cewa ana iya yi wa mamaci, kuma an fi so wanda zai yi ya kasance ya riga ya sauke nasa, saboda haka muka tsayar cewa Yaya ne zai je a madadinta. Shekaru sun yi ta wucewa, kullum buƙatar rayayyu tana shan gaba, yau kuɗin makaranta, gobe asibiti, jibi auren marainiya a dangi, kuɗin kujera kuma yana ta hawa har ya haura naira miliyan takwas a 2025. Duk da haka mun buɗe asusu dominsa, ina zuba wani abu daga fanshona kowane wata, shi kuma yana ƙarawa idan ya sayar da riɗi, kuma a lissafin Yaya, idan damina biyu masu zuwa suka yi kyau, kuɗin za su cika. Ina roƙon duk wanda ya karanta wannan ya sa Inna da mahaifiyata da mahaifinmu a addu'a, ya kuma roƙa wa Yaya lafiya da tsawon kwanan da zai kai shi Arfa da sunanta.